Me Ya Sa Farashin Farko Yake Maƙale Mana a Rai?

Da gaske ne lambar da mutum ya fara ji tana juya masa tunani?

Ƙwarai kuwa. Masana halayyar ɗan Adam biyu 'yan Isra'ila, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun nuna haka a binciken da suka wallafa a 1974. Sun riƙa juya wani faifai mai lambobi irin na 'yan caca a gaban mutane, alhali sun saita shi ya tsaya a kan 10 ko 65. Sai su tambaya: cikin ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya, kashi nawa cikin ɗari ne na Afirka? Waɗanda suka ga 10, tsaka-tsakin amsarsu 25 ne, masu 65 kuwa 45. Lambar caca ce fa, ba ruwanta da Afirka, amma ta ja su. Kahneman ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2002, shekara shida bayan rasuwar Tversky.

Yaya abin yake aiki?

Kamar akuya a turke. Tana zagayawa, amma iya tsawon igiya. Lambar farko ita ce turken, daga ita mutum yake ragewa ko ƙarawa, kuma yakan tsaya tun bai yi nisa ba.

Wato abin da mai kaya yake yi ke nan a kasuwa?

Shi ke nan, ko da bai taɓa jin sunan Kahneman ba. Ka tambayi shadda, ya ce dubu sittin. Ka taya talatin, ya ce albarka. A ƙarshe ya sallama arba'in da biyar, ka tafi gida kana murnar ka ci riba. Ribar me? Da sittin ɗinsa ka auna, ba da ainihin kuɗin shaddar ba.

Ai gwanaye ba sa faɗawa wannan tarkon, ko?

Suna faɗawa. A wani gwaji a Jamus an sa masana shari'a su jefa 'ya'yan ludo guda biyu kafin su yanke hukunci a kan ƙagaggen laifin sata a kanti. Waɗanda suka samu 9 sun yanke kusan wata takwas, masu 3 kuwa wata biyar.

To mene ne abin yi?

Sanin dabarar kaɗai ba ya tsinke igiyar. Ka zagaya rumfa uku ko huɗu ka ji farashi, ka tsayar da kuɗinka a zuci tun daga gida. In aka faɗi abin da ya wuce hankali, kada ma ka taya, wuce gaba.