Eugene Braunwald: rubuce-rubucensa da tasirinsu a ilimin zuciya

Eugene Braunwald likitan zuciya ne Ba'amurke ɗan asalin ƙasar Ostiriya, shehun malami a makarantar likitanci ta Jami'ar Harvard, kuma ɗaya daga cikin masu binciken da aka fi kafa hujja da rubutunsu a fannin zuciya da jijiyoyin jini. Sunansa yana kan maƙalu fiye da 1,000 da suka fito a mujallun kimiyya tun daga shekarun 1950. Maƙalun nan ba iri ɗaya ba ne. Na farkon ƙanana ne, na mutane kaɗan da suka yi aiki a ɗakin gwaji ɗaya, na baya kuwa rahotanni ne na manyan gwaje-gwajen magani da aka yi a kan dubban marasa lafiya.

Asali da karatu

An haife shi a birnin Vienna ranar 15 ga Agusta, 1929, a gidan Yahudawa. Bayan Jamus ta 'yan Nazi ta haɗiye Ostiriya a 1938, iyalin suka gudu ta Suwizalan zuwa Landan, daga nan suka isa New York a 1939. Ya yi digirinsa na farko da na likitanci a Jami'ar New York, ya kammala a 1952. Ya samu horo a asibitin Mount Sinai, da ɗakin binciken André Cournand, wanda ya ci kyautar Nobel a 1956 saboda aikin zura siririn bututu cikin zuciya, sannan a asibitin Johns Hopkins.

Shekarun Bethesda

Wajen 1955 ya fara aiki a Cibiyar Binciken Zuciya ta Ƙasa da ke Bethesda a jihar Maryland, inda ya zauna har 1968. Masu tarihin likitanci sun fi tsayawa a kan wannan zamani, kuma da dalili, domin akasarin tambayoyin da ya ci gaba da bi har tsufansa a nan ya fara yin su.

Aikinsa na farko da ya yi suna shi ne wanda ya yi a ƙarƙashin Stanley Sarnoff, aka buga a 1958, a kan abin da ke sa naman zuciya ya ci iskar oksijin da yawa ko kaɗan. Sun nuna cewa matsin da zuciya ke turawa a kansa da yawan bugawarta sun fi yawan jinin da take fitarwa tasiri a kan buƙatarta ta oksijin. A ido tambaya ce ta masu ɗakin gwaji kawai, amma a kanta aka gina fahimtar ciwon ƙirji na zuciya: idan buƙata ta fi abin da jijiya ke iya kawowa, sai ciwo ya taso, kuma ana iya rage buƙatar da magani.

A 1959 shi da John Ross da likitan tiyata Andrew Glenn Morrow suka bayyana hanyar kaiwa ɓangaren hagu na zuciya da bututu, ta huda bangon da ke tsakanin ɗakunan sama biyu. Har yau ana amfani da ita. A 1962 kuma, tare da Roland Folse, ya buga hanyar auna kason jinin da babban ɗakin hagu ke fitarwa a kowace bugawa, ma'aunin da ya zama abin yau da kullum a rahoton hoton zuciya.

Cutar kaurin naman zuciya ta fi ɗaukar hankali. Braunwald ya auna wani mara lafiya ya ga alamar ƙuntata a mafitar jini, ya tura shi tiyata. Da Morrow ya buɗe zuciyar, bai ga ƙuntatar komai ba. Ba da jimawa ba aka sake samun irin haka, sai suka gane cewa naman ne ya yi kauri, yana toshe hanya sa'ad da zuciya ta matse, ya saki idan ta tsaya. Sun ba da rahoto a mujallar Circulation a 1959, sannan a 1964 suka fitar da dogon bayani a kan marasa lafiya 64. Ba su kaɗai suka fara ganin cutar ba: Russell Brock a 1957 da Donald Teare a 1958 sun bayyana ta a Ingila, kuma batun wanda ya riga wani ya danganta da abin da mai ƙirga ya ɗauka a matsayin ganowa. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne rukunin Bethesda ne suka tsara yadda ake gane ta da yadda ake yi mata tiyata. Wani abin mamaki, Morrow da kansa yana ɗauke da cutar, Braunwald ne kuma ya gano masa ita.

San Diego da maƙalar 1971

A 1968 ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego a matsayin shugaban farko na sashen cututtukan ciki. Kafin lokacin, likitoci na ɗaukar bugun zuciya, wato mutuwar wani yanki na namanta bayan jijiya ta toshe, a matsayin abu mai faruwa nan take: da zarar jijiya ta toshe, naman ya mutu, sai dai a kwantar da mutum a jira. Braunwald ya sha ba da labarin wani mara lafiya da aka dasa wa na'urar motsa jijiyar wuya don rage ciwon ƙirji. Mutumin ya samu bugun zuciya, kuma duk sa'ad da ya kunna na'urar sai alamun rauni a takardar awon zuciya su ragu, idan aka kashe su dawo. Daga nan ya fara zargin cewa naman ba lokaci ɗaya yake mutuwa ba, a hankali yake mutuwa cikin awoyi.

Ya gwada wannan a kan karnuka tare da Peter Maroko, aka buga sakamakon a Circulation a 1971. Sun nuna cewa girman yankin da zai mutu yana iya ƙaruwa ko raguwa gwargwadon abin da aka yi wa dabbar bayan toshewar. An soki hanyar awonsu daga baya, wasu magungunan da suka yi alfanu a kan kare kuma ba su yi a kan mutum ba. Duk da haka tushen maganar ya tsaya, kuma shi ne dalilin da ya sa a yau ake gaggawar buɗe jijiyar da ta toshe, ana ƙirga mintoci. A 1982 shi da Robert Kloner suka ƙara bayanin naman da bai mutu ba amma ya suma, yana ɗaukar kwanaki kafin ya dawo aiki bayan jini ya dawo masa.

Boston da rukunin TIMI

Daga 1972 zuwa 1996 ya shugabanci sashen cututtukan ciki a asibitin Peter Bent Brigham, wanda daga baya ya zama Brigham and Women's. A 1984 ya kafa rukunin bincike na TIMI, sunan da aka taƙaita daga kalmomin da ke nufin narkar da gudan jini a bugun zuciya, ya jagorance shi har 2011, Marc Sabatine ya gaje shi.

Gwajin farko, wanda aka buga a 1985, ya nuna cewa maganin tPA yana buɗe jijiyoyin da suka toshe kusan ninki biyu na streptokinase, wani maganin narkar da gudan jinin. Daga wannan aiki aka samu ma'aunin gudun jini na TIMI, daga 0 zuwa 3, wanda likitoci ke rubutawa bayan sun duba jijiyoyin zuciya. Gwajin SAVE na 1992, tare da Marc Pfeffer, ya haɗa mutum 2,231, ya nuna maganin captopril ya rage mutuwa da kashi 19 cikin ɗari ga waɗanda zuciyarsu ta yi rauni bayan bugu. Gwajin CARE na 1996 ya nuna amfanin pravastatin, maganin rage kitsen jini, ga waɗanda suka taɓa samun bugun zuciya amma kitsen jininsu bai ma yi yawa ba. A 2004 gwajin PROVE IT-TIMI 22, da mutum 4,162, ya nuna cewa sauke kitsen sosai da maganin atorvastatin ya fi saukewa matsakaiciya. Gwajin TRITON-TIMI 38 na 2007 ya ɗauki mutum 13,608, IMPROVE-IT na 2015 kuma 18,144. Akasarin waɗannan a mujallar New England Journal of Medicine suka fito, kuma kamfanonin magani ne suka ɗauki nauyin da yawa daga cikinsu.

Littattafai

Ya daɗe cikin editocin littafin Harrison na cututtukan ciki. A 1980 ya fitar da nasa littafin cututtukan zuciya, wanda yanzu ke ɗauke da sunansa, bugu na 12 ya fito a 2022.

Ƙidayar ambato

Ambato a nan yana nufin wani mai bincike ya sa maƙalar wani cikin madogaransa. Eugene Garfield ne ya fara tattara irin wannan ƙidaya a tsare, da kundin da ya fitar a 1964, kuma mujallar Science Watch ta cibiyar da ya kafa ta taɓa sanya Braunwald a matsayin marubucin da aka fi ambata a fannin zuciya. A 2005 Jorge Hirsch, masanin fiziya a San Diego, ya kawo ma'aunin h: mai h 50 yana da maƙalu 50 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 50. Na Braunwald ya haura 200, sai dai adadin yana bambanta tsakanin kundayen ƙidaya na Web of Science da Scopus da Google Scholar, saboda kowanne da irin abin da yake ƙirgawa, kuma yana canzawa kowace shekara.

Kaso mai yawa na ambaton daga rahotannin manyan gwaje-gwaje yake zuwa, da kuma takardun ƙa'idojin jinya na ƙungiyoyin likitocin zuciya na Amurka, irin na 2000 a kan ciwon ƙirji mai tsananta, wanda ya shugabanci kwamitinsa. Irin waɗannan takardu duk mai rubutu a fannin sai ya ambace su, kuma kowane ɗaya daga cikin marubutansu, ko su goma ne ko ashirin, ana rubuta masa ambaton cikakke. A yawancinsu sunan Braunwald ba na farko ba ne, na ƙarshe ne ko kusa da ƙarshe, gurbin da a al'adar likitanci ake bai wa babban mai kula da aikin. Maƙalun 1958 da 1971 ba su kai waɗannan yawan ambato ba. Sun fito a lokacin da mujallu ba su da yawa, kuma abin da suka kawo ya shiga littattafan koyarwa har an daina faɗin inda aka samo shi.

Batun Darsee

A 1981 aka kama John Darsee, wani matashin mai bincike a ɗakin gwajin Braunwald, yana ƙirƙirar sakamako. Binciken hukumar lafiya ta tarayya da aka kammala a 1983 ya hana Darsee tallafin bincike na shekara goma, aka sa asibitin Brigham ya mayar da kuɗin da ya haura dala 120,000. An janye maƙalu da dama, har da wasu masu ɗauke da sunan Braunwald. Ba a same shi da hannu a ƙaryar ba, amma an soki sa idon da aka yi da jinkirin sanar da hukuma. Shi kuma ya ce yaudara ce mai wuyar ganewa, wadda Darsee ya fara tun kafin ya zo Boston.

Iyali da karramawa

A 1952 ya auri Nina Starr, likitar tiyatar zuciya wadda a 1960 ta jagoranci tiyatar sauya murfin mitral, ɗaya daga cikin murafan zuciya, da na roba. Sun haifi 'ya'ya mata uku, ta rasu a 1992. An zaɓe shi cikin Kwalejin Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka, Ƙungiyar Zuciya ta Amurka kuma tana ba da wata lambar yabo ta horar da matasan masu bincike da sunansa.