Waiwaye: Fiye da shekara ɗari ana neman motar da za ta tashi sama

Tunanin haɗa mota da jirgin sama ya kusa zama sa'an jirgin saman kansa. A shekarar 1917, shekara 14 kacal bayan 'yan'uwan nan na gidan Wright sun tashi da jirginsu, Glenn Curtiss ya baje kolin wata mota mai fikafikai uku a birnin New York, wadda ya kira Autoplane. Ba ta taɓa yin tashin kirki ba, amma daga kanta ne aka shiga wannan nema da har yau bai ƙare ba.

Abin da tarihin ya nuna shi ne, sa motar ta tashi bai daɗe yana gagarar injiniyoyi ba. Arrowbile ta Waldo Waterman ta tashi a 1937 da injin motar Studebaker, kuma Aerocar ta Moulton Taylor, wadda ake naɗe fikafikanta a ja su a baya kamar tirela, ta samu takardar amincewar hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka a 1956. Duk da haka guda shida kawai aka ƙera, domin kamfanin da ya yarda zai riƙa ƙera ta da yawa ya sa sharaɗin sai an samu masu saye 500, aka kuwa tsaya a wajen rabin haka. Wannan labari na Taylor ya fi kowane bayyana inda gizo ke saƙar, tun da abin ya tashi, hukuma ta yarda, kasuwa ce ta ƙi.

Tushen matsalar yana cikin ƙirar kanta, domin abin da mota take buƙata shi ne abin da jirgi yake ƙi. Mota tana son nauyi da ƙarfin jiki don ta kama titi ta kuma kare fasinja idan an yi karo, tana buƙatar bamba da giya da manyan tayoyi da birki mai ƙarfi, alhali kowane kilo na waɗannan kaya ne da jirgi zai ɗauka a banza a sararin sama. Jirgi kuma yana son dogayen fikafikai da jiki marar nauyi, waɗanda a kan titi ba su da amfani sai tare hanya. Sai a wayi gari an ƙera jemage, ba tsuntsu ba dabba: motar da ba ta kai mota ba, jirgin da bai kai jirgi ba, ga tsadar da ta kan zarce ta sayen su biyun daban-daban. Ƙari a kan haka, 'yar gogar da direba zai yi wa motarsa a kasuwa ya wuce abinsa, idan a fiffike ta faru, dole ne ƙwararre ya duba kafin a sake tashi.

An kuma yi asara a hanya. A 1947 motar kamfanin Convair ta faɗo kusa da San Diego saboda man jirgin ya ƙare, kuma an ce matuƙin ya duba ma'aunin man motar ne maimakon na jirgin. A watan Satumba na 1973 Henry Smolinski da abokin aikinsa Harold Blake sun mutu a Kalifoniya lokacin da fiffiken abin da suka ƙera ya ɓalle, wato motar Ford Pinto da aka liƙa wa bayan jirgin Cessna.

Zamanin kwamfuta da sababbin kayan ƙira marasa nauyi ya farfaɗo da buri. Wasu da suka yi karatu a jami'ar MIT sun kafa Terrafugia a 2006, motarsu ta tashi a 2009, kamfanin Geely na Sin ya saye su a 2017, amma zuwa 2021 an sallami yawancin ma'aikatansu na Amurka ba tare da motar ta shiga kasuwa ba. A Sulobakiya, AirCar ta kamfanin Klein Vision ta yi tafiyar minti 35 daga Nitra zuwa Bratislava a watan Yunin 2021 da injin BMW, ta kuma samu takardar cancantar tashi a farkon 2022. Sai dai ita ma tana buƙatar filin jirgi da lasisin tuƙin jirgi, don haka ba za ta fitar da mai ita daga tsakiyar cunkoso ba, wanda shi ne ainihin alkawarin da ake ta yi wa jama'a.

Saboda haka ne manyan masu zuba jari suka yar da ɓangaren motar a hankali, ko da yake 'yan jarida ba su yar da sunan ba. Abin da ake kira tasi mai tashi a yau jirgi ne mai amfani da batir da farfela da yawa, wanda ke tashi da sauka a tsaye kamar jirgi mai saukar ungulu, kuma ba ya bin titi ko kaɗan. A nan nauyi ya sake dawowa ta wata ƙofa, domin kilo ɗaya na man jirgi yana ɗauke da makamashin da ya ninka na kilo ɗaya na batir kusan sau 40, kuma tashi a tsaye ne ya fi komai shan wuta. Kuɗin gwaji da neman amincewar hukuma kuwa yakan ci shekaru kafin a sayar da tikiti ko ɗaya. Uber ta sayar da sashenta na wannan aiki ga kamfanin Joby a ƙarshen 2020, kamfanin Kitty Hawk da Larry Page, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Google, ya ɗauki nauyinsa ya rufe a 2022, sannan kamfanonin Jamus biyu, Lilium da Volocopter, suka durƙushe a ƙarshen 2024, bayan Volocopter ya kasa samun izinin ɗaukar fasinjoji a gasar Olamfik ta Faris.

Inda aka fi matsawa gaba shi ne Sin, wadda hukumarta ta amince da jirgin EHang mai kujera biyu marar matuƙi a watan Oktoban 2023, kuma yawon buɗe ido na gajeren zango ne aikin da aka fara ba shi. Wani reshen kamfanin ƙera motoci na XPeng kuma ya raba gardamar ta hanyar ƙera mota mai taya shida da ke ɗauke da ƙaramin jirgi a bayanta, mota ta tsaya a ƙasa, jirgi ya tashi shi kaɗai.