Lamborghini Miura: motar da aka gicciya wa inji a bayan direba

Wa ya ƙera Miura, kuma yaushe?

Kamfanin Lamborghini ne, wanda Ferruccio Lamborghini ya kafa a 1963 a Sant'Agata Bolognese, wani ɗan gari kusa da Bologna a arewacin Italiya. Ferruccio da ƙera tarakta ya yi arziki, kuma shi mota mai daɗin doguwar tafiya yake so, tsere bai dame shi ba. Samarin ma'aikatansa ne, injiniyoyi Giampaolo Dallara da Paolo Stanzani, da direban gwaji Bob Wallace, suka riƙa zama bayan an tashi daga aiki suna tsara abar. A Nuwamba 1965 aka kai ƙwarangwal ɗinta baje kolin motoci na Turin, ko bodi babu, amma masu kuɗi suka fara neman a sayar musu. Sai a Maris 1966 ta bayyana cikakkiya a Geneva, da bodin da Marcello Gandini na kamfanin Bertone ya zana yana ɗan shekara 27. Sunan kuwa daga wani gidan kiwon bijiman faɗa ne a kudancin Sifaniya.

Me ya sa ake ta maganar injinta?

Saboda inda aka ajiye shi da yadda aka kwantar da shi. Manyan motocin alfarma na lokacin, har da na Ferrari, a gaba injinsu yake. Motocin tsere ne ke sa shi a tsakiya, don idan nauyi ya zauna tsakanin tayoyin gaba da na baya, mota ta fi jin magana a kwana. Ba Miura ce ta fara kawo wannan tsari kan titi ba. De Tomaso Vallelunga ta riga ta, amma da ƙaramin inji mai silinda 4. Miura kuwa silinda 12 gare ta, lita 3.9, injin da Giotto Bizzarrini ya fara tsarawa. Inji mai wannan tsawo, in aka miƙe shi, sai motar ta yi tsawo fiye da kima. Shi ya sa suka gicciya shi daga taya zuwa taya, suka haɗe shi da giyabos a kasko ɗaya, dabarar da suka gani a ƙaramar Mini ta Ingila. Motar ta fito gajera, tsayinta bai kai mita 1.1 ba, da kaɗan ya wuce ƙugun mutum.

Gudunta fa?

Samfurin farko, P400, kamfanin ya ce yana da ƙarfin dawaki 350, yana kuma kusantar kilomita 280 a awa. P400S ta zo a 1968 da 370, sai SV a 1971 da 385.

Ke nan ba ta da aibi?

Tana da shi, ba kaɗan ba, kuma masu yabonta sukan yi gum a nan. Inji da giyabos baƙin mai ɗaya suke sha, alhali kowanne da irin man da ya dace da shi. Sai a SV na ƙarshe-ƙarshe aka raba musu. Tankin fetur a gaba yake, don haka duk sa'ad da mai ya ragu sai hancin motar ya yi sakayau, iska ta nemi ɗaga shi a tsananin gudu, sitiyari ya daina riƙe ƙasa sosai. Kafireta huɗu na Weber, waɗanda asalinsu na tsere ne, sukan tara fetur idan mota ta daɗe tsaye inji na aiki, wasu motocin har wuta suka kama. Ga zafi, ga ƙara, don gilashi kawai ya raba ƙeyar direba da injin. A ganina wannan duk alamar gaggawa ce: an fara sayar da ita kafin ta gama nuna.

Nawa aka ƙera, me kuma ya gaje ta?

Kimanin 760, daga 1966 zuwa 1973. Countach ce ta gaje ta a 1974, ita ma zanen Gandini. A can Stanzani ya bar inji a tsakiya, amma ya miƙe shi daga gaba zuwa baya, ya tura giyabos gaba tsakanin kujeru biyu.