Hana aikin tilas a hanyoyin da kamfanoni ke samun kayansu

Aikin tilas, bisa ma'anar da Yarjejeniya ta 29 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya (ILO) ta bayar a 1930, shi ne duk aikin da aka sa mutum ya yi bisa barazanar hukunci, ba da yardarsa ba. Ƙiyasin ILO na shekarar 2021 ya nuna mutum miliyan 27.6 ne ke cikin wannan hali, mafi yawansu a hannun 'yan kasuwa masu zaman kansu. Kamfanin da sunansa ke jikin kaya ba safai yake ganin waɗannan ma'aikata ba, domin suna can ƙasa, a gonar auduga, jirgin kamun kifi, ramin haƙar ma'adinai ko masana'antar da aka ba ƙaramin kwantiragi.

Babbar ƙofar da matsalar ke shigowa ita ce bashin neman aiki. Dillali ya karɓi kuɗi mai yawa daga mai neman aiki a wata ƙasa, shi kuma ya ciyo bashi da ruwa, ko ya jinginar da gonar gado. Idan ya isa, sai a karɓe fasfo ɗinsa, a ba shi takardar kwantiragi da harshen da ba ya ji, albashin ma ya gaza wanda aka yi masa alkawari. Ba a ɗaure shi da igiya ba, amma ba shi da halin tafiya. Abin da ya faru ke nan da ma'aikatan Nepal da Bangladesh a masana'antun safar hannu ta roba a Malesiya. A Yulin 2020 hukumar kwastam ta Amurka ta tsare kayan Top Glove, wani kamfanin yin safar hannu na Malesiya, ba ta janye ba sai a Satumbar 2021, bayan kamfanin ya mayar wa ma'aikata kuɗaɗen da suka biya dillalai ya kuma gyara masaukinsu.

Saboda haka matakin farko shi ne mai ɗaukar ma'aikata ya biya duk kuɗin ɗauka da kansa: la'adar dillali, biza, gwajin lafiya da tikitin jirgi. Fasfo ya zauna a hannun mai shi. Sai kamfani ya bi diddigin kayansa har tushe, kada ya tsaya kan wanda yake sayar masa kai tsaye. Masu bincike kuma su duba alamomi 11 da ILO ta zayyana, ciki har da riƙe albashi, hana fita daga masauki, barazana da aikin ƙarin lokaci fiye da ƙima.

Binciken da aka sanar da ranarsa ba safai yake kama wani abu ba. Kafin masu bincike su iso an koya wa ma'aikata abin da za su ce, an kuma shirya littafin albashi na biyu. Abin da ke amfani shi ne zuwa ba zato, da ganawa da ma'aikata a wajen masana'anta da harshensu, ba tare da shugabansu na nan ba. Haka kuma kamfanin da ke matsa farashi ƙasa yana neman kaya cikin gaggawa yana da hannu a laifin, ko da takardunsa sun yi kyau. Idan an gano matsala, yanke hulɗa nan take yakan bar ma'aikaci da bashinsa babu aiki, don haka biyan diyya ne ya kamata ya zo gaba.

Dokokin ƙasashe sun bambanta a ƙarfi. Dokar Birtaniya ta 2015 ta wajabta wa kamfanin da cinikinsa ya kai fam miliyan 36 a shekara ya fitar da bayani kawai kan matakan da ya ɗauka don hana aikin tilas. Dokar Faransa ta 2017 da ta Jamus da ta fara aiki a 2023 sun ɗora wa manyan kamfanoni nauyin bincike da gyara. Amurka kuwa tun Yunin 2022 tana ɗaukar duk kayan da ke da alaƙa da yankin Xinjiang na Sin a matsayin na aikin tilas, sai mai shigo da su ya kawo hujjar da ta nuna akasin haka.