Kano zuwa Jidda a jirgin sama: awa nawa ne, kuma me yasa agogo ke rikita mutane?

Wai kilomita nawa ne tsakanin Kano da Jidda?

Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa na Sarki Abdul'aziz dake Jidda, in an miƙe sak, kusan kilomita 3,400 ne. Madina ta ɗan fi nisa, wajen 3,550.

To awa nawa ake yi a sama?

Jirgin fasinja na cin kilomita 850 zuwa 900 a awa, kaga in ka raba zaka samu awa 4, amma ai ba da wannan gudun yake tashi ba, sai ya hau a hankali, in ya kusa kuma ya rage gudu, wani lokacin ma ya ɗan zaga yana jiran a bashi izinin sauka, shi yasa ake cewa awa 4 da rabi ko kusa da haka in babu tsayawa.

Amma tikiti na ya nuna mun tashi 10 na dare mun sauka 4:30 na asuba, ba awa 6 da rabi kenan ba?

A'a malam, nan ne ake yawan ruɗewa. Saudiyya na gaban Najeriya da awa 2, kuma tikiti kullum lokacin tashi da agogon garin da zaka tashi yake rubuta shi, lokacin sauka kuma da agogon garin da zaka sauka. Wato 4:30 a Jidda 2:30 ne a Kano. A dawowa sai abin ya juya, ka baro Jidda 12 na rana ka sauka Kano 2:30, kamar awa 2 da rabi kawai kayi, alhali zaman ɗaya ne. Masu zuwa tarbar alhazai su kula da wannan, kar a kwashi yara a je filin jirgi a yi ta shan rana.

Me yasa wasu suka ce sun yi fiye da haka, kuma jirginsu bai tsaya ko'ina ba?

Hanya ce. Miƙaƙƙiyar hanyar ta sararin Chadi take bi, ta ratsa Sudan, ta tsallake Bahar Maliya. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyar ƙasar, dole jirage suka riƙa kewayawa, awanni suka ƙaru, mai ya ƙaru, kuɗin kujera ma ya ji a jikinsa. Abin mamaki dai wannan hanyar ce kakanninmu suka bi a ƙafa da jakuna, wata da watanni wasu har shekaru, da yawa ma basu dawo ba suka zauna a Sudan ɗin, zuri'arsu na can har yau. Mu kuma awa 5 ta isa mu fara ƙorafin ciwon baya.

In na bi ta Addis Ababa ko Alƙahira fa?

Toh nan ka manta da lissafin awa 4. Jiran canjin jirgi ne ke cin lokaci, wani ya fi zaman cikin jirgin tsawo, don haka kafin ka biya duba awannin jiran da kyau, musamman in da tsohuwa ko ƙananan yara zaka tafi. Kuma saukarka Jidda ba isa bane, akwai layin biza da na kaya, sannan motar Makka da zata ɗauki awa ɗaya da wani abu in hanya ba cunkoso.