Me ake nufi da ƙungiyar masu zane mai tantancewa?

Ƙungiyoyin masu zane da sassaƙa iri biyu ne. Akwai wadda da ka biya kuɗin rajista ka zama ɗan gida. Akwai kuma wadda sai aikinka ya bi ta gaban kwamitin alƙalai, su ce shigo, ko su ce sai baɗi. Wannan ta biyun ita ce mai tantancewa, kuma katinta ne mai zane ke iya nunawa da ƙarfin gwiwa a gidajen baje kolin Abuja.

Mai neman shiga yakan miƙa ayyukansa na baya-bayan nan, galibi biyar zuwa goma, da ɗan bayani a kansu. Alƙalan kan zama uku ko biyar, don kada ƙuri'a ta yi kunnen doki. Wasu ƙungiyoyin suna rufe sunan mai aikin su sa lamba, saboda kowa ya san abin da sanayya ke yi a ƙasar nan.

Ana duba ƙwarewar hannu, da haɗin launi, da yadda aka ƙarasa aiki. Alƙali zai kife tukunya ya shafa gindinta, ya juya jakar fata irin ta garin Naraguta da ke kusa da Jos ya bi ɗinkin ciki. Wanda ya kwafo hoto daga intanet kuwa, tun a zagayen farko ake sallamarsa.

Amma a ganina abin da ya fi kayar da mutane shi ne rashin hannu ɗaya. Sai ka ga yaro mai basira ya kawo fuskar sarki da fensir, ga dutsen Zuma da fenti, ga zayyanar Larabci, kowanne ya yi kyau, amma kamar mutum uku ne suka yi su. Alƙalai so suke su gane ka ko babu sa hannu, yadda ake gane tukunyar Ladi Kwali, wadda ke bayan takardar naira 20, daga ƙadangaru da kunamu da kifayen da take zanawa a jiki.

Yanzu yawanci da hotuna ake tantancewa, don haka aikin da aka ɗauka da dare da fitilar waya ya cuci mai shi.

Su ma alƙalan sukan yi kuskure. A 1863 kwamitin babban baje kolin Paris ya watsar da ayyuka masu yawa, aka yi ta ƙorafi har sarki Napoleon na uku ya sa aka buɗe wa waɗanda aka ƙi nasu zauren. Manet, shahararren mai zanen Faransa, yana cikinsu.