Waiwaye: Shaye-shaye cuta ne ko sabo? Abin da sojojin Amurka a Biyetnam suka nuna tun 1971

Duk inda maganar shaye-shaye ta taso, ko a taron likitoci ko a hirar iyayen da abin ya shafa, ba a jimawa ake rabuwa gida biyu. Wasu su ce wanda ya kamu da ƙwaya mara lafiya ne, ƙwaƙwalwarsa ce ta taɓu, magani yake buƙata kamar mai ciwon suga. Wasu su ce abu ne da ya koya da kansa, yau kaɗan gobe kaɗan, kuma abin da aka koya ana iya barinsa. Na farko suna zargin na biyu da rashin tausayi. Na biyu su ce kiran mutum majinyaci har ƙarshen ransa kashe masa gwiwa ne. Wanda ya tsinci zancen yau zai ɗauka na'urorin ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ne suka haifo gardamar. Ta girme su da nisa, don ta haura shekara 200.

A 1784 wani likita a birnin Filadelfiya na Amurka, Benjamin Rush, ya rubuta cewa yawan shan barasa ciwo ne, a zamanin da ba a ganin mashayi da komai sai lalacewar hali. A 1849 Magnus Huss na ƙasar Suwidin ya raɗa wa ciwon sunan da ya zama "alcoholism" a Turanci. A 1935 wasu mashaya biyu, Bill Wilson da Bob Smith, suka haɗu a garin Akron na jihar Ohio suka kafa ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta mashaya masu taimakon juna su bar barasa, wadda matakinta na farko cikin 12 shi ne mutum ya amsa da bakinsa cewa barasa ta fi ƙarfinsa. A 1956 ƙungiyar likitocin Amurka ta karɓi shan barasa a matsayin rashin lafiyar da ya kamata asibitoci su duba. Wannan tarihi ana yawan maimaita shi, kuma ya yi rana, domin ya ƙwato mashayi daga hannun mai tsangwama ya miƙa shi ga mai magani.

Akwai wani abu da ya faru a wannan shekarar ta 1935 da ba a cika ambata ba. An buɗe wata katafariyar cibiya a Lexington ta jihar Kentucky, rabi asibiti rabi gidan yari, domin masu shan hiroyin da danginta. Shekaru da dama, kusan duk abin da masana suka sani game da waɗannan ƙwayoyi daga can ya fito. Da aka bi sawun waɗanda aka sallama, sai aka tarar mafi yawansu sun koma ruwa, a wani binciken har wajen tara cikin goma. Daga nan magana ta zauna daram: wanda hiroyin ta kama, ta kama shi ke nan.

Da wannan imani aka shiga shekarar 1971. A watan Mayu, wasu 'yan majalisar dokokin Amurka biyu da suka ziyarci sojojinsu da ke yaƙi a Biyetnam suka fitar da rahoton cewa tsakanin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na dakarun sun kamu da hiroyin. A can ƙwayar arha gare ta, ga ta tsantsa ba gauraye, ga ta ko'ina a bakin sansani. Yawancinsu ma ba allura suke yi ba. Soja zai zazzage kan taba sigari, ya barbaɗa garin a ciki, ya kunna ya zauna yana busawa, ba wari irin na wiwi da zai tona masa asiri. Hankalin jama'a ya tashi. Idan lissafin Lexington gaskiya ne, dubban samari da suka iya riƙe bindiga za su dawo gida da jarabar da ba ta warkewa.

Sai aka kafa doka cewa babu sojan da zai hau jirgin komawa gida sai an gwada fitsarinsa. Wanda aka samu da ƙwaya a jiki a tsare shi 'yan kwanaki har jikinsa ya washe, sannan a sake shi. Aka kuma nemi wata mai binciken halayyar al'umma a Jami'ar Washington da ke St. Louis, Lee Robins, ta bi sawun waɗanda suka dawo. Ta ɗauki samfuri daga sojojin da suka baro Biyetnam a watan Satumba na 1971, mutum kusan 900. Ma'aikatanta suka bi su har garuruwansu bayan wata takwas zuwa shekara guda, suka zauna da su, suka karɓi fitsari don kada a dogara da fatar baki, suka kuma duba takardunsu na soja. A 1974 aka sake komawa wurinsu.

Abu na farko da ya fito ya fi rahoton 'yan majalisa muni. Kashi 34 cikin 100 sun taɓa hiroyin a Biyetnam, kuma ɗaya cikin biyar ya ce ya kamu sosai, da duk alamun da aka sani in ƙwaya ta yanke: gumi, hamma, majina, ciwon gaɓoɓi, gudawa, rashin barci. Abu na biyu shi ne ya ɗaure wa kowa kai. Cikin waɗanda suka kamu a can, kashi 5 cikin 100 ne kacal suka sake kamuwa a shekararsu ta farko a gida. Ko da aka cika shekara uku, waɗanda suka taɓa komawa cikin jarabar, ko na ɗan lokaci ne, ba su wuce kashi 12 ba. Mafi yawansu kuma ba su je wani asibiti ba bayan dawowarsu.

Akwai wata ƙididdiga a ciki da ni ta fi tsaya mini a rai. Kusan rabin waɗanda suka kamu a Biyetnam sun sake ɗanɗana hiroyin bayan sun dawo. Wato ba rasa ta suka yi ba, sun san inda ake samu, sun saya, sun sha. Amma kaɗan ne daga cikinsu ta sake riƙewa. Ƙwayar ita ce, mutumin shi ne, ƙwaƙwalwar da aka ce ta lalace ita ce dai a kansa. Abin da ya sauya shi ne duk abin da ke kewaye da shi. Babu zaman jiran tsammani a sansani, babu fargabar wa za a kashe gobe, abokan busawa sun watse kowa ya nufi jiharsa. Ga uwa, ga budurwa ko mata, ga neman aiki. A gida kuma ƙwayar tsada gare ta, gauraye ce, sai an shiga lungu an yi hulɗa da mutanen da ake jin kunyar a gan ka da su, kuma galibi sai da allura.

Ba a karɓi sakamakon hannu bibbiyu ba. Wasu suka yi zargin an gyara alƙaluman, wasu suka ce ai waɗannan ba 'yan ƙwaya na gaske ba ne. Alƙaluman dai sun jure duk binciken da aka yi musu, kuma bayan shekara 20, a 1993, Robins ta sake rubutu tana tambaya ko abin da ta gani tsautsayi ne ko kuwa haka lamarin yake a ko'ina in an duba da kyau. Ta karkata ga na biyu. Dole a faɗi abin da ke rage wa labarin armashi: da dama daga cikin sojojin sun koma shan barasa mai yawa ko wasu ƙwayoyin, kuma waɗanda tun kafin yaƙi suke da tarihin shaye-shaye da rigima su ne suka fi sake faɗawa. 'Yan kaɗan ɗin da abin ya kai su asibiti bayan dawowa kuwa, sun riƙa komawa ruwa kamar sauran majinyata.

A wannan batu na ƙarshe ne nake ganin bakin zaren yake. Bakanike bai san mota ba sai wadda ta lalace. Likitan masu shaye-shaye ma wanda yake gani kullum shi ne wanda ya kasa bari, ya tafi ya dawo, ya sake dawowa. Wanda ya bari da kansa saboda ya yi aure, ko ya samu aiki, ko ya gaji, ba ya zuwa ya ba da labari, sau da yawa ma ɓoye tarihin yake yi. An gina fahimtar ciwon a kan mutanen da suka fi shan wuyarsa, aka ɗauka kowa haka yake. Tun 1962 wani mai bincike, Charles Winick, ya lura cewa sunayen masu shan hiroyin da yawa suna ɓacewa daga rajistar hukuma in sun kai shekara talatin da wani abu. Manyan binciken da aka yi daga baya a kan jama'ar gari, ba majinyata kaɗai ba, sun nuna mafi yawan waɗanda suka taɓa kamuwa da barasa ko ƙwaya suna rabuwa da ita a ƙarshe, da yawa ba tare da magani ba, ko da yake wasu sai bayan shekaru masu yawa da asara mai yawa.

Yadda wuri ke riƙe mutum kuwa, a Lexington ɗin ma an hango shi. Wani likita a can, Abraham Wikler, ya lura cewa mutum zai yi watanni ba ƙwaya a jikinsa, lafiya lau, amma ranar da ya taka tsohuwar unguwarsa sai hamma da majina da murɗawar ciki su taso masa. Jiki ya haɗa layin da ƙwayar, kamar yadda karnukan da masanin Rasha Pavlov ya yi gwaji da su suka haɗa wani sauti da zuwan abinci. A 1982 Shepard Siegel a Kanada ya gwada haka da ɓeraye. Ya saba musu da hiroyin a wani ɗaki, sannan ya ba su mai yawa lokaci guda. Waɗanda aka ba a ɗakin da suka saba, kusan kashi ɗaya cikin uku ne suka mutu. Waɗanda aka ba a wani ɗakin daban, kusan biyu cikin uku. Jiki yana ganin alamun wurin ya ɗaura ɗamara kafin ƙwayar ta iso. Sabo turken wawa, in ji masu magana, sai dai wannan turke har cikin jini yake kafe.

Daga shekarun 1990 hotunan ƙwaƙwalwa suka mamaye fagen. A 1997 aka wallafa wata maƙala da ta yi tashe a mujallar Science mai cewa jarabar ƙwaya ciwon ƙwaƙwalwa ce mai tafiya tana dawowa. Hujjojin ba na wasa ba ne. Ƙwayoyi suna tunzura sinadarin dofamin, wanda ke koya wa ƙwaƙwalwa abin da za ta nema, kuma sashen gaba mai taka wa mutum birki yana rauni in an daɗe ana sha. Binciken tagwaye ya nuna gado na da kusan rabin hannu a saurin kamuwa. Masu cewa sabo ne, irin su Gene Heyman da Marc Lewis, wanda shi kansa ya yi fama da ƙwaya kafin ya zama masanin ƙwaƙwalwa, ba su musanta hotunan ba. Cewa suka yi duk abin da mutum ya nace wa yana sauya ƙwaƙwalwa. Direbobin tasi na Landan da suka haddace titunan birnin an ga wani sashen ƙwaƙwalwarsu ya fi na sauran mutane girma, ba wanda ya ce ciwo ne. An kuma gano cewa gaya wa jama'a matsalar mutum daga halittarsa take yana rage zarginsa, amma yana rage fatan zai warke.

In aka zo ga hanyoyin fita, abin dariya shi ne masu aikin ba su jira an raba gardamar ba. Magungunan metadon, wanda Vincent Dole da Marie Nyswander suka fara gwadawa a New York a tsakiyar shekarun 1960, da bufrenofin da ya biyo baya, suna rage mutuwar masu shan hiroyin da danginta da kusan rabi, kuma duk mai ƙin su saboda aƙidar "sabo ne kawai" da rayukan mutane yake wasa. Wanda ya daɗe yana shan barasa mai yawa, yankewa farat ɗaya na iya jawo masa farfaɗiya har ta kashe shi, sai da kulawar likita. A ɗaya hannun, hodar iblis har yau ba ta da wani tabbataccen magani na haɗiya, kuma abin da ya fi aiki a kanta dabara ce ta koyo zalla. A farkon shekarun 1990 Stephen Higgins a jihar Vermont ya riƙa ba masu jinya takardar sayayya duk ranar da fitsarinsu ya fito da tsabta, ladan yana ƙaruwa in an jera kwanaki, ya koma farko in an karya. Mutanen da aka ce ba su da iko da kansu sai ga su suna riƙewa saboda ɗan lada ƙanƙani. Ita kanta Alcoholics Anonymous, mai kiran abin cuta, wani babban nazari na 2020 ya nuna tana taimaka wa mutane su bar barasa daidai da sauran hanyoyi ko fiye, kuma masu bincike sun ga babban sirrinta shi ne sauya wa mutum abokan zama da abin da yake yi da maraicensa.

Sojan Amurka a Biyetnam jirgi ne ya ɗauke shi ya raba shi da sansani da dila da abokan busawa a yini guda, ya sauke shi inda ake jiransa. Wanda aka sallama daga cibiyar jinya ko gidan yari a yau, galibi titin da ya baro yake komawa, ɗakin nan dai, bashin nan dai, lambar dila na nan a wayarsa, ga jikin da ya manta yawan abin da yake ɗauka a da. Wani bincike da aka wallafa a 2007 kan fursunonin da aka saki a jihar Washington ya gano cewa a makonni biyu na farko bayan fitowarsu, haɗarin mutuwarsu ta shan ƙwaya fiye da kima ya ninka na sauran mazauna jihar sau 129.